Don me mariƙin kofi ke kallon dama

Jiya da muka tashi aiki ka tare ni a ƙofar kicin ka ce, "Oga, mene ne amfanin ɗan farantin nan da ake ɗora kofi a kai, kuma don me kullum kake mayar da ni in juya mariƙin kofi wajen dama?" Gajiya ta hana ni ba ka amsa a lokacin. To, ga ta, yarona.

Wannan faranti da muke kira sosa, aikinsa shi ne ya tare abin da ya zubo, ya ba cokali wurin kwanciya, ya kuma raba zafin kofi da tebur. Amma da sharaɗi: ya isa gaban baƙo a bushe. A shekarata ta farko a wannan sana'a na kai wa wani dattijo shayi, ya ɗan fantsala a sosa saboda saurin da nake yi, na ce ai ba komai. Yana ɗaga kofin sai gindinsa ya ɗiga masa a farar babbar riga, ga shi ɗaurin aure za shi. Bai yi mini faɗa ba, ya dai dubi rigar ya yi shiru. Har yau shirun nan yana raina. Saboda haka in ka ga ɗigo ko ɗaya a sosa, koma ka canza shi, kada ka goge a gaban mutum. Kuma kada ka cika kofi fal, bar kamar faɗin yatsa daga baki.

Batun mariƙi kuwa, ta hannun daman baƙo za ka zo, ka ajiye kofi a damar farantin abincinsa, mariƙin ya karkato wajensa kamar gajeren hannun agogo a kan ƙarfe huɗu. Cokali ya kwanta a kan sosa, kansa a bayan kofi, wutsiyarsa ta bi inda mariƙi ya bi. Dalilin shi ne mutum yana cikin hira zai miƙa hannu ba tare da ya duba ba, dole yatsunsa su sauka a kan mariƙi. In suka sauka a jikin tangaran mai zafi, laifinka ne. Yawancin baƙinmu da hannun dama suke sha, kamar yadda addini ya koyar. In ka lura wani ya mayar da kofinsa hagu, a zagaye na biyu ajiye masa can, ba sai ka tanka ba.

Kai kuma gefen sosa za ka riƙe. Yatsanka kada ya kusanci bakin kofi, nan ne leɓen mutum zai sauka. Kafin ka ɗora a tire, ɗaga shi ga haske ka duba tsaga ko sauran janbaki. Ka ɗumama shi da ruwan zafi tukuna, musamman na espresso, gahawar nan mai ƙarfi ta inji, wanda bai wuce mililita 30 ba, nan da nan yake hucewa. Shi ya sa kake ganin ƙananan kofunan jere a saman injin gahawa.

Akwai abin da nake so ka riƙe don kada ka raina kowa. Kofunan farko da suka isa Turai daga ƙasar Sin ba su da mariƙi. Shayi ya samu karɓuwa a fadar Ingila bayan Sarki Charles na Biyu ya auri gimbiya Catherine ta Fotugal a 1662, mariƙi kuwa sai a ƙarni na 18 ya zama ruwan dare. A wancan zamani Turawan da kansu suna juye shayi a sosa ya huce su kurɓa, kuma har gobe ana yin haka a Indiya. In ka ga baƙo ya yi, ɗauke idonka, ka kawo masa busasshen sosa da adiko.

Wanda ke zaune a teburin cin abinci kofi kaɗai yake ɗagawa, sosa na nan a ajiye. Wanda ke tsaye ko a falo gaban gajeren tebur, yakan ɗauki sosa da hagu, kofi da dama, don haka a can ka ajiye inda hannunsa zai kai ga duka biyun.

Gahawar Larabawa daban take, alhazai sun san ta. Ɗan kofinta ba mariƙi ba sosa. Butar a hagunka, kofin ka miƙa da dama, ka zuba kaɗan, kada ya kai rabi. In baƙo ya girgiza kofin yayin da yake maido maka, ya ƙoshi ke nan, kada ka ƙara.

Gobe ka riga kowa zuwa. Za mu cika kofi shida da ruwa a kan tire, ka ratsa zauren cin abinci da su sau goma, idonka a gaba, ni kuma in bi bayanka ina duba sosa ɗaya bayan ɗaya.