Tambaya da Amsa: Me Mai Buga Bulo Zai Nema a Jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Sana'ata buga bulo a Daura. Ɗana da ke jami'a ya ishe ni da zancen "gini mai wayo" wanda ba ya cin wuta da yawa, wai jami'o'i da kamfanoni ke haɗa kai suna bincike a kai. Irinmu masu inji ɗaya da yara shida muna da gurbi, ko harkar manya ce?
Mai buga bulo, Daura

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya yi wa yaron albarka, gaskiya ya faɗa maka.

Gini mai wayo shi ne wanda aka sa wa 'yan na'urori masu jin zafi da motsi. Ka fita ɗaki, fitila ta mutu da kanta. Ɗaki ya yi sanyi, na'urar sanyaya ɗaki ta sassauta. Inbata ta san lokacin jan wuta daga sola da lokacin komawa batir. Suna da amfani. Sai dai a ganina, sayen su kafin a gyara rufi da bango riga malam masallaci ne.

Bara da bazara wani bawan Allah ya kira ni gidansa nan Katsina. Wani kamfani ya cika masa gida da irin kayan nan, da waya ma yake kashe fitila. Amma kwano ne a sama ba abin tare zafi, silin kamar takarda, ga ƙatuwar taga tana kallon yamma. Bayan la'asar na ɗora tafin hannu a bangon falo, sai da na janye. Batir ɗinsa ba ya kai tsakar dare. Daga nan na biya gidanmu na gado a cikin birni, wajen Gobarau. Soron kakana na tubali da azara yana nan da sanyinsa kamar an yayyafa ruwa. Laka mai kauri a hankali take shan zafin rana, ba ta sakinsa sai dare, shi ya sa iyayenmu ke shimfiɗa tabarma a tsakar gida.

Matsalar laka damina, da yaɓen kowace shekara. To a nan bincike ya shigo, a nan kuma gurbinka yake. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana aiki kan bulon laka da ake matsewa da inji a sa masa siminti kaɗan. Amma awon da ya dace da ƙasar Daura mai rairayi daban yake da na jar ƙasar Funtuwa. Malaman jami'a suna da injin da ke danne bulo har ya fashe a san ƙarfinsa. Kai kuma ka san abin da magini zai yarda ya ɗora, da kuɗin da mai gida zai iya biya.

Manya ma haka suke yi. Jami'ar EPFL ta Suwizalan, da jami'o'in Indiya da Kuba da kamfanonin siminti, sun fito da siminti mai suna LC3, wanda ake haɗa wa gasasshiyar laka don rage hayaƙin da masana'anta ke fitarwa. Laka mai kawolin, wato farar ƙasa, ake nema, irin wadda aka san Ƙanƙara da ita. Tun 2017 kuma Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tsimin wuta, wadda ta yi maganar tare zafin rufi da girman taga, ko da yake ban cika ganin ta a hannun masu gini ba.

Ka ɗauki bulo goma da buhun ƙasar da kake ɗiba, ka nufi sashen injiniyan gini na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. In batun sola ne, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa na da cibiyar binciken makamashi. Ka nemi a haɗa ka da ɗalibin ajin ƙarshe mai neman abin da zai yi furojet a kai. Ka ba shi fili ya tada ɗakuna biyu ƙanana, ɗaya da bulonka na yanzu ɗaya da na laka, ya auna zafinsu daga Maris zuwa Mayu. Kafin a kwaɓa komai, ku rubuta a takarda wa ke biyan me, wa kuma ke da haɗin in ya yi kyau. Ka tafi da ɗan naka, kuma kada ku je lokacin jarrabawa, ba wanda zai saurare ku.