Amsa: faɗin zangon da ya dace da siginar dijital mai sauri

Ɗan'uwa, ka tambaya ko osiloskop (na'urar da ke nuna siffar sigina a allo) mai faɗin zango 500 MHz, wato iyakar saurin siginar da yake iya bi, zai isa duba siginar da kulok ɗinta (bugun da ke tsara lokacinta) yake 100 MHz, wato bugu miliyan 100 a sakan. Ninka kulok sau 5, wanda ke ba da 500 MHz ɗin, ƙiyasin farko ne kawai. Abin dubawa shi ne lokacin da gefen siginar ke ɗauka wajen hawa daga kashi 10 zuwa 90. Raba 0.5 da wannan lokacin: in fikosakan 500 ne (fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan), ka samu 1 GHz, wato 1000 MHz. Sai ka ninka da 1.4 zuwa 1.9, gwargwadon ƙirar na'urar, don kuskure ya tsaya wajen kashi 3; abin da ya fito shi ne faɗin zangon da kake buƙata. Mai 500 MHz nasa hawan fikosakan 700 ne, zai nuna maka kusan 860 maimakon 500, ya kuma shafe rawar da ke biyo bayan gefen. Tsinken awon da kake taɓa siginar da shi ma dole ya kai wannan zangon. Ka gajarta wayarsa ta ƙasa (ground) sosai, doguwa tana ƙirƙiro rawar ƙarya.