Na fara shan maganin tarin tibi, na ji sauƙi, zan iya dainawa?

Ɗan uwa sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Ka ce wata biyu kenan kana shan maganin tibi, tarin ya tafi har ka fara ƙiba, kana so ka ajiye don ƙwayoyin sun ishe ka. Don Allah kar ka soma. Wata 6 ne cif, wata 2 na farko magani kala huɗu a haɗe, sauran wata 4 kala biyu, kuma sauƙin nan da ka ji ba yana nufin ƙwayar cutar ta mutu ba ne, lafawa tayi kawai, in ka yanke tana iya dawowa ta daina jin maganin, wanda za'a koma baka kuma yana iya fin wannan tsawo da wahala.

Ka dinga sha da safe kafin ka karya, lokaci ɗaya kullum, sa alam a waya. Fitsari yayi ja-ja kar ka tsorata, aikin rifampicin ne, ɗaya daga cikin magungunan da kake sha. Amma in idonka yayi rawaya, ko amai yaƙi tsayawa, ko ganinka ya fara dishi-dishi, ranar ka koma asibiti kar ka jira ranar da aka baka. Ƙafa na maka zugi ko kamar ana tsira allura ka faɗa musu, akwai bitamin B6.

Ci abinci sosai, wake, ƙwai, kifi, madara, abinda aljihu ya iya dai. Sigari da shisha a haƙura, jiƙe-jiƙen gargajiya ma haka don hanta na shan aiki yanzu. Buɗe taga iska ta dinga shiga, sannan ka kai yaran gidan a duba su, a asibitin gwamnati maganin kyauta ne.