Tambaya da Amsa: Tsohon akwatin kayan aiki, ta ina ake gane na ƙwarai?

Salam Malam, barka da aiki. Na sayi wata tsohuwar kabad ta ƙarfe mai taya domin gareji na, jikinta ruwan toka ne durowoyin kuma ja, tambarin gaba ya fita sai ramuka biyu kawai inda aka ɗaure shi. Wanda ya sayar min ya rantse ta shahararren kamfanin kayan aiki Snap-on ce, amma wani abokina yace sam ba ita bace. Na duba ciki naga wata lamba da aka buga a ƙarfen ta fara da 706 sai ɗigo sai wasu lambobi. Don Allah ya zan gane ta wane kamfani ce kuma shekararta nawa?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ne da gaskiya, kuma ai kai da kanka ka kawo amsar baka sani ba. Wannan 706 ɗin shi ne mabuɗin zancen. Kamfanin Sears na Amurka, waɗanda suka mallaki sunan kayan aiki na Craftsman daga 1927 zuwa 2017, a lokacin basa ƙera akwatunan da kansu, kwangila suke bayarwa, kuma lambobi ukun farko kafin ɗigo suna nuna masana'antar da ta yi musu aikin. 706 ta Waterloo ce, wani kamfani da ya samo asali a jihar Ayowa wanda ya daɗe yana yi wa Sears akwatuna. Ruwan toka da jan durowa kuma kalar da aka san Craftsman da ita ce a shekarun 1960 zuwa 1970. To kaga lamba ta nuna, kala ta ƙara tabbatarwa, saura me?

Snap-on daban take. Kamfanin ya fara a Milwaukee a 1920, kuma akwatunansa da yawa lambarsu da harafi take farawa, irin su KR ko KRA, an buga ta a jikin ƙarfen yawanci ta baya. In baka ga komai irin wannan ba sai jan fentin da aka san Snap-on da shi kawai, to ja dai kowa na iya fesawa, ta kamfanin Mac ja ce, Waterloo ma tana da ja, har waɗanda basu da suna ma ja suke yi saboda sun san ido can yake zuwa.

Amma fa kada ranka ya ɓaci, ba jabu ka saya ba. Akwati ce mai kyau da zata yi maka aiki har ka gaji, illa dai in kuɗin Snap-on ka biya to nan ne aka yi maka wayo, domin tazarar darajarsu a wajen masu tara irin waɗannan kaya ba kaɗan bace.

Maganar shekara, ba kullum ake samun ta cif ba amma ana iya matso ta kusa. Ka zare durowoyin gaba ɗaya ka haska tocila a bangon ciki da bayan kowace durowa da ƙarƙashin murfi, wani lokaci akwai kwanan wata da aka buga da tawada ko wata 'yar takarda da ta maƙale. In ka samu adireshin kamfani a Amurka kuma da lambar gidan waya mai guda biyar a ƙarshe, ba a yi ta kafin 1963 ba, don a shekarar aka fara wannan tsarin. In akwai layukan nan baƙaƙe da ake haskawa da na'ura wajen biyan kuɗi, to ta wuce tsakiyar shekarun 1970. Lambar rajistar ƙirƙira, wato patent, ma tana taimakawa, ka buga ta a intanet zaka ga shekarar da aka bayar da ita, sai dai wannan tana gaya maka ne cewa akwatin bai girmi shekarar ba, bata ce a shekarar aka yi shi ba, kamfani na iya shekara ashirin yana buga lamba ɗaya. Ga masu kayan Turai kuwa, duk abinda ka ga an rubuta W. Germany a jikinsa tsakanin 1949 da 1990 aka yi shi, lokacin da Jamus take rabe biyu. Wannan na yawan fitowa a kayan Hazet da Gedore, dukkansu na garin Remscheid.

Su ramukan nan biyu ma kar ka raina su. Auna tazarar da ke tsakaninsu, ka duba inuwar da tambarin ya bari a fenti inda rana bata ci ba, sai ka kwatanta da hotunan tsofaffin kundin tallan Sears, akwai su da yawa a intanet. Siffar tambarin Craftsman ta canza sau da dama, inuwar kaɗai na iya nuna maka zamanin.

Oga ina gaisuwa. Ni yanzu nake haɗa ɗan wurin aiki a garejin gida, sifanu da sukudireba duk a buhu suke. Inaso in sayi tsohuwar kabad don ance sunfi na yanzu ƙarko. A ina ake samu kuma me zan duba kafin in biya?

Wannan zance na tsoho yafi sabo gaskiya ne rabi. Akwai tsofaffin da tun ranar da aka yi su ma na araha ne, ƙarfensu kamar gwangwanin madara, shekaru basu ƙara musu komai ba sai tsatsa. Abinda ya sa ake ganin kamar duk na da masu kyau ne, marasa kyan sun riga sun mutu an narkar dasu, masu ƙarfin ne suka rage.

Wajen samu, ni a ganina inda kowa ke dubawa nan ne ƙarshen wurin da zaka je, wato shafukan saye da sayarwa irin su Facebook da eBay, don a can mai kaya ya riga ya san sunan abinda ke hannunsa ya kuma ɗora kuɗin sunan. Masu kyan suna fitowa ne inda ake son a rabu da kaya: masana'antar da ta rufe ake gwanjon kayanta, makarantar koyon sana'a da ta sabunta ɗakin aiki, tsohon makanike da ya ajiye aiki, iyalan da suka gaji kaya basu san me zasu yi dasu ba, da kuma wajen masu sayen tsohon ƙarfe a kilo, waɗannan in ka saba dasu ka bar musu lambarka sai su kira ka kafin su sa guduma. Kuma in kana nema a intanet ɗin kar ka tsaya a sunan kamfani, rubuta abu kamar tsohuwar kabad ta ƙarfe mai durowa, domin wanda bai san me yake sayarwa ba bazai rubuta Lista ba.

Tunda na ambaci Lista bari in ɗan tsaya a kanta. Ita da takwararta Vidmar kabad ne da ba don gareji aka yi su ba tun asali, na masana'anta ne, Lista daga Suwizalan take tun 1945. Basu da ƙyale-ƙyale, sau da yawa ruwan toka ko kore ko shuɗi ne ba wani sheƙi, shi yasa mutane ke wuce su suna neman ja. Amma durowa ɗaya ta manyan samfurin Lista tana ɗaukar kilo 200, tana fitowa har ƙarshe kaga abinda ke can baya, kuma galibi akwai wata dabara a ciki da bata bari ka buɗe durowa biyu lokaci guda saboda kada kabad ɗin ta kife a kanka. In ba yawo zaka riƙa yi da ita daga mota zuwa mota ba, wlh wannan nake baka shawara akan kowace mai babban suna. Matsalarta ɗaya nauyi, ka tanadi mutane da mota, kuma ka zare durowoyin kafin a ɗaga.

Abin dubawa na farko durowa, na biyu ma durowa. Ja kowace ɗaya har ƙarshe, ka danna bakinta ƙasa da hannu da ɗan ƙarfi kana turawa, don durowa babu kaya ko wacce ta lalace sai ta yi maka sumul. Iri biyu ne hanyar da take gudu a kai. Akwai ta da, ƙarfe ne ke gogar ƙarfe ba boris, akwai kuma mai ƙananan boris a jere. Mutane na gudun ta farkon amma bata da laifi, in ta yi tauri yawanci tsohon giris ne ya bushe ya haɗu da ƙura, ka wanke da kananzir ka shafa sabo kaɗan shikenan ta dawo. Abin tsoro shi ne in ƙarfen ya cinye ya yi kaifi ko ya lanƙwashe, ko a mai boris ka ga wasu sun zube, domin samun irin nata na kamfanin da ya daina yi wahala ce babba. Zare durowa irin ta da ɗin ma da dabara, yawanci akwai ɗan harshe a gefe da ake dannawa da siririn ƙarfe, tsohon bakin zarton ƙarfe na yi, kar ka fizga da ƙarfi.

Daga nan ka durƙusa ka leƙa ƙasa. Gindin ne ke shan ruwan daɓe, nan tsatsa ke fara ci, musamman inda aka ɗaure tayoyi. Tsatsar sama-sama mai launin ƙasa ba komai bace. Wadda ta kumbura tana ɓarewa ko ka soka sukudireba ya shige, wannan sai mai walda. Ka tsaya daga nesa ka kalle ta gaba da gaba, in layukan da ke tsakanin durowoyi basu daidaita ba gefe ɗaya ya fi faɗi to ta taɓa faɗuwa jikin ya karkace, kuma wannan baya gyaruwa yadda ya kamata. Kaurin ƙarfe kuwa lambarsa a juye take, ƙarama tafi kauri: geji 16 kusan milimita 1.5 ne, geji 20 bai kai milimita ɗaya ba. Danna bangon gefe da tafin hannu zaka ji bambancin.

Wadda aka yi wa sabon fenti tana walƙiya har kan makulli da hannun durowa, yi hattara, sau da yawa kyan ɗan maciji ne. Ɗora mayen ƙarfe a kusurwoyin ƙasa, inda ya ƙi kamawa sosai ciko ne aka yi aka rufe rami.

Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar wani akwatin katako mai ƙananan durowoyi, an shimfiɗa koren ƙyalle a cikinsu, da ɗan madubi a cikin murfin. Yayana yace a goge a yi masa fenti a zuba sifanu. Ni kuma raina bai kwanta ba. Akwatin me ne wannan?

Allah ya jiƙan Baba ya gafarta masa. 'Yar'uwa ranki ya gaya miki gaskiya, ki roƙi yaya ya dakata da fentin. Wannan akwatin masu aikin injin sassaƙa ƙarfe ne, an yi shi don kayan awo masu laushi irin wanda ke auna kaurin gashi, ba don sifana da guduma ba, durowoyin ma bazasu ɗauki nauyin ba. Katako da ƙyallen suna rage danshi kuma kayan basa gogar juna. Madubin kuma abinda aka fi faɗa shi ne don ma'aikaci ya duba idonsa in ɓarɓashin ƙarfe ya faɗa ciki.

Wanda ya fi shahara da wannan aiki shi ne kamfanin H. Gerstner & Sons na garin Dayton a jihar Ohayo, tun 1906 suke yi, amma ba su kaɗai bane, Union ma sun yi irinsa, don haka ki duba suna a kan ƙarfen makulli, da cikin murfin gaba, da ƙasan akwatin in kin zare durowar ƙarshe. Masu irin wannan tsari na ƙarfe masu ruwan ƙasa da fenti mai yamutsa-yamutsa kuwa yawanci na kamfanin Kennedy ne, suma daga Ohayo.

Ki goge shi da tsumma mai ɗan danshi kawai, ya bushe, ki shafa kakin katako. Samfefa na cinye tambari da tsohon launin da shekaru suka bashi, kuma su ne darajarsa. In ƙyallen ya ruɓe dole sai an canza, a kula da gam, farin gam na kafintoci da aka saba dashi yana iya sa kayan ƙarfe tsatsa, gam ɗin fata irin na da shi ake amfani dashi. Ki duba kuma ko akwai ƙananan ramuka da garin katako a ƙasa, alamar ƙwaro ce, a magance kafin ya shiga sauran katakon gida.

Malam tawa a kulle na saye ta babu makulli, in fasa ne? Kuma inaso in kankare fentin.

Kar ka fasa. Duba fuskar makullin, galibi akwai 'yar lamba a kai, mai yanka makulli na iya yi maka sabo da ita, in bai iya ba a huda tsakiyar makullin kaɗai a sa wani, sandar da ke riƙe durowoyi ta baya bata lalace ba. Masu sa ƙarfe su ɓalle durowa su ne ke lanƙwasa wannan sandar.

Fenti kuwa ka ɗauka akwai dalma mai guba a ciki har sai ka gwada. Amurka sai a 1978 ta hana dalma a fentin gida, kuma fentin masana'antu ba duka dokar ta shafa ba. Kar ka kankare shi a bushe da injin, kar ka ƙona da wuta, yi a waje da takunkumi na ƙwarai kana jiƙa wurin, yara su yi nesa, kayan da ka sa kuma a wanke su daban. Hannun durowa da notuna da suka yi tsatsa ka jiƙa su a binega kwana ɗaya, ka ɗauraye ka busar nan take ka shafa mai, in ka bar su da danshi kafin gari ya waye sun sake yin ja.