Kwanon baƙon da kike tambaya

Saratu 'yata, na ga saƙonki tun jiya, na yi dariya har maigidan ya leƙo yana cewa lafiya? Wai me ya sa kullum nake ajiye kwanon baƙo alhali ba wanda ya ce zai zo, wai ba asarar hatsi ba ce. Dariyar dai na yi amma abin ya tsaya mun a rai, a ce 'yar Wusasa ce da wannan tambayar.

Lokacin farin 1973, zamanin Gowon, ina 'yar shekara sha biyu, dawa ta ƙone tun ba ta fid da kai ba, mutane suna ta gangarowa daga Nijar. Wata rana da magariba muna shirin tafiya addu'a cocin St. Bartholomew, tsohon ginin ƙasar nan na 1929, sai ga wata Buzuwa a zaurenmu da goyo, Hausar ma ba ta ji sosai, hannu kawai take kaiwa baki. Tuwon dawa ne miyar kuka ko man shanu babu, malmala biyar mu bakwai, amma na baƙo yana gefe a rufe da faifai. Inna ta miƙa mata. Matar nan ba ta kai loma ko ɗaya bakinta ba, gutsura ta yi ta dama da ruwa a tafin hannu tana ɗura wa yaron da yatsa, wuyansa kamar sillen kara. Ni kuwa kuka na fashe da shi, kar ki ce tausayi ne, ɗumamen safe na ga ya tafi, don in baƙo bai zo ba namu ne.

A hanyar coci Inna ta murɗe mun kunne ta ce, mutum dubu biyar ɗin nan da Yesu ya ciyar, ya tambaye su 'yan wane gari ne? Tausayinsu ya ji, ya ce wa almajiransa ku ku ba su abinci. Kakanki kuma ko gona bai yarda a share tas ba, sai ya buɗe Littafin Firistoci sura 19 a tsohon Littafi Mai Tsarkinsa fassarar 1932, ya ce kala rabon matalauci da baƙo ne, Allah ya riga ya ware musu, mu ajiya aka ba mu.

Kin ji fa, mabiyan Yesu almajirai ake ce musu, amma yau almajiri ya buga get sai a ce babu, ga shinkafa tana kwana uku a firij har wuta ta ɗauke ta lalace a zubar. Mu ma da laifinmu, mun koya muku baikon coci a ambulan ba mu koya muku zaure ba.

Kwanon samiran yana nan, bakinsa ya ɗan lanƙwashe, in kin zo Kirsimeti ki tuna mun in ba ki. Ki gaida angon naki.