Hoton zafin jiki zai iya maye gurbin mamogiram?

'Yar'uwa, kin tambaya ko hoton zafin jiki ya isa a gano sankarar mama da wuri, tunda ba ya matse nono kuma ba ya amfani da hasken ekisire kamar mamogiram, wato hoton nono da ake ɗauka da ekisire. Gaskiya bai isa ba.

Kyamarar nan zafin fata kawai take ɗauka, ta fito da shi launi-launi, wurin da ya fi ɗumi ya yi ja. Dalilin masu amfani da ita shi ne ƙari yana jawo jini da yawa, sai wurin ya ɗumama. To amma kumburi ko shayarwa ma suna ɗumama nono, sai a tayar miki da hankali a banza. Abin da ya fi damuna shi ne ƙaramin ƙarin da ke can ciki: fata ba za ta nuna shi ba, a ce miki lafiya lau, ki koma gida ki saki jiki. Mamogiram kuwa yana hango ƙananan ɗigo-ɗigo masu kama da alli a cikin nono, waɗanda kan iya zama alamar sankara, tun kafin hannu ya ji kulli.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sha gargaɗi cewa kada a dogara da hoton zafin jiki shi kaɗai. Idan kin kai shekara 40, ki nemi mamogiram. In kuwa kin ji kulli, ko kan nono yana fitar da jini, don Allah ki ga likita cikin makon nan.