Saniyata ta fi kowacce nono amma tana tunkuyi, in sayar ko in haƙura?

Tambaya: Likita barka da aiki. Ina da 'yan shanu a bayan Rigachikun, a cikinsu akwai wata bunaji da ta fi duka ba da nono, amma fa mafaɗaciya ce. Ta taɓa matse yaron da ke min kiwo a jikin katanga, kwanan nan kuma ta bi uwargida da ta je zuba musu dusa. Ana ta cewa in rabu da ita, ni kuma asarar nake ji. Mene ne shawara?

Amsa: Barka dai Malam, Allah Ya ƙara tsarewa. Toh kafin maganar sayarwa sai mun san faɗan nan na lalura ne ko kuwa halinta ne. Saniyar da ba ta daɗe da haihuwa ba takan yi zafi in an kusanci maraƙinta, wannan bayan 'yan kwanaki yake wucewa. Wadda ke harbi lokacin tatsa kawai a duba hantsarta ko ta kumbura ko akwai miki a kan nonon, ciwo ne ke sa ta. Idan kuma dabba ce da ma mai sanyi rana ɗaya ta birkice, tana dalalar da yawu tana wani irin kuka tana kai wa komai hari, kar wanda ya sa mata hannu a baki, a killace ta a kira likitan dabbobi, don haukan kare na kama shanu kuma yana kama mutum. Sannan ka ɗan sa ido kan yaron, wasu yaran dukan da suke wa dabba da sanda ya wuce misali, saniya kuwa ba ta mantuwa.

Amma yadda ka bayyana taka, mutum biyu daban-daban, kuma ita ke tasowa ta bi mutum ba wai an ritsa ta ba, gaskiya wannan hali ne, ni dai shawarata ka rabu da ita. Na san abin da ke ranka nonon ne, toh lissafa kuɗin nononta na shekara ka ajiye gefe, ka kawo kuɗin ɗaurin karaya ko aikin ciki in ƙahon bunaji ya shiga haƙarƙarin yaron mutane, ga iyayensa da za ka fuskanta, ga gida da ƙananan yara suna shiga garke ba tare da kowa ya sani ba. Yanke ƙaho yana rage rauni amma wallahi saniya ko ba ƙaho in ta danne mutum da goshi a ƙasa sai dai wani ikon Allah.

Kuma ana gadon halin nan, ba ɗari bisa ɗari ba amma yana bin jini, ga maraƙi na koyon tsoro da faɗa wajen uwa. Don haka karsanar da ta haifa ka lura da ita sosai kafin ka bar ta a matsayin iri, namijin kuma a dandaƙe shi tun yana ƙarami a yi kiwonsa na nama. Guda ɗaya irinta takan hargitsa garke gaba ɗaya, in ta zabura sauran ma sai su bi.

Wajen sayarwar ne nake ganin mutanenmu na kuskure, sai a kai Zango a Tudun Wada a yi gum, dillali ya haɗa ta da wani bawan Allah mai neman ta kiwo ya kai gida cikin iyalinsa. Wannan ɓoye aibi ne kuma addini ya hana. Ka faɗa wa dillali ƙarara ta yanka ce, a nemo mahauci. In ta rame ka ɗaure ta a turke mai ƙarfi ka ɗan yi mata kiwo ta ciko, mutum ɗaya babba ya riƙa ba ta abinci ta bayan shinge, mata da yara kar su je. In an yi mata allura kwanan nan a jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika kafin a yanka. Ranar loda ta a mota kuma a sa igiya biyu, mutum biyu ta gefe da gefe, ba ihu ba duka, kar kowa ya tsaya dab da bayanta don nan ne ba ta gani, kuma nan ne take kai harbi.